Kwamfutar da Ta Daina Gaida Anti Tafireta

Idan ka hau benen ofishin, ƙofa ta biyu a hannun hagu ita ce tata. Ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya, da kabad biyu na ƙarfe, da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Nan ake buga takardun ma'aikata: ƙarin girma, canjin wurin aiki, tuhuma, sallama. Shekara talatin da ɗaya ke nan duk takardar da ta faranta wa wani rai ko ta hana shi barci a ginin nan, ta ƙarƙashin yatsun mace ɗaya ta bi. Sunanta na yanka yana cikin fayil, ba mai kiran ta da shi. Anti Tafireta ake ce mata, tun daga masinja har Oga, wanda ya zo ya same ta a ofishin yana saurayi mai sabon takalmi.

Ta koyi tafireta tun tana budurwa, a hannun wata malama marar wasa da take rufe wa ɗalibai hannuwa da ƙyalle don kada su kalli maɓallai. A nan aka koya mata aiki da kunne. Ƙarar harafin da ya sauka daidai daban take da ta wanda ya zame, kuma idan layi ya kusa ƙarewa akwai 'yar ƙararrawa da take sanar da kai ka koma farko. Mijinta tela ne, shi ma da kunne yake gane zare ya kusa tsinkewa. Har ya rasu, shekara shida da suka wuce, ba ta daina ce masa "angona" ba, tun abin yana ba 'ya'yansu kunya har ya koma ba su dariya.

Da aka kwashe tafiretoci aka kawo kwamfuta, ta yi fushi na wata guda cur. Abin da ya sasanta su sauti biyu ne. Da safe idan ta buga kalmar sirri ta shiga, na'urar takan yi wani ɗan kiɗa mai hawa sama. Da yamma idan ta fita, takan yi mai saukowa. Ta ce to, ko ba komai wannan tana da tarbiyya, ta san gaisuwa ta san ban kwana. Ta riƙe rigar tsohuwar tafiretarta, da ita take rufe fuskar kwamfutar kullum in an tashi.

Ga abin da ba wanda ya sani. Shekara biyu ke nan yanar ido take rufe mata gani a hankali. Da farko ta ɗauka tabarau ne ya yi datti, ta goge har ta gaji. Yanzu takarda sai ta kai ta dab da hanci a bakin taga, da wani gilashin ƙara girman rubutu da take ɓoyewa a ƙasan jaka. Fuskar kwamfuta kuwa haske ne kawai fari da ɗan dishi-dishi a ciki. Saura mata wata takwas ta yi ritaya, kuma ta ƙudurta a ranta a kan kujerar nan za ta gama, ba a ɗakin tsofaffin fayiloli ba, inda ofis yake tura waɗanda ya gaji da su amma yake jin nauyin sallamar su.

Sai ta nemo dabara, dabarar kuwa zagi ne. Duk wanda ya kawo mata rubutun hannu sai ta juya takardar ta taɓe baki ta ce, "Wannan rubutu ne ko kaji ne suka yi dambe a kai? Zauna ka karanta mini, ba ni da lokacin fassara." Mutum ya zauna yana karantawa, yatsunta suna riga bakinsa. Har Oga bai tsira ba. Mutane suka ce Anti tsufa ya ƙara mata faɗa, ita kuwa ta fi son a ce mata mafaɗaciya. Matakalar bene ta san ashirin da biyu ce. Linzamin kwamfuta ba ta taɓa shi, komai da maɓalli take yi, a haddace. Fita ma haka: ta lulluɓe fuskar da rigar tafireta saboda hasken yana sa mata ciwon kai, ta danna maɓalli biyu tare, kibiyar ƙasa sau biyu, sai babban maɓalli. Kiɗa ya sauko, ta san ta rufe sirrin mutane, ta ɗauki jaka.

A gida babbar 'yarta, malamar makaranta, ita ce ta fara shan jinin jikinta. "Umma, gishiri fa kika zuba mana a shayi." Anti ta ce ai likitoci sun hana sukari. 'Yar ta yi ta maganar asibitin ido har bakinta ya yi tsami, amsar ɗaya ce: bayan ritaya.

Ranar wata Litinin Injiniya ya zaga ofisoshi yana sabunta wa kwamfutoci tsari. Injiniya mutum ne mai tumbi da furfura a gemu, gini uku yake kula da shi, kuma yana yawo da jakar sukudireba da ba wanda ya taɓa ganin ya buɗe ta. Ya yi nasa a ɗakinta tana salla, ya tafi. Da aka tashi ta rufe fuskar na'ura, ta danna abin da ta saba dannawa, ta miƙa hannu za ta ɗauki jaka. Shiru. Ta tsaya da hannu a miƙe. Ta jira, ta karkata kunne wajen sifika, ba komai sai kukan fanka. Ta ce wataƙila motar da ta wuce ce ta danne sautin, ta sauka bene zuciyarta ba ta kwanta ba.

Da safe ta yaye rigar, ta taɓa maɓalli, ta buga kalmar sirri. Shiru. Ta ɗauka yatsa ne ya zame, abin da bai taɓa faruwa ba, ta sake bugawa a hankali. Shiru. Ta buga na uku da ƙarfi kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma. Da ta tabbata ba kowa a bakin ƙofa, ta kai hancinta jikin gilashin ta ga farin shafi a buɗe. To, ashe ta shiga, gaisuwar ce kawai aka hana ta. Wasiƙar jiya ce da za a aika hedikwata, ta fitar da ita a takarda ta ba masinja ya kai wa Oga ya sa hannu.

Ba a yi minti goma ba sai ga Oga da kansa, takarda a hannu, yana ƙoƙarin haɗe rai amma kumatunsa sun ƙi.

"Anti, waye angon?"

"Wane ango, ranka ya daɗe?"

Ya karanta mata. A ƙarƙashin muƙaminsa, daidai inda zai sa hannu, an rubuta angona1989 har sau uku a jere. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta yaya kalmar da take bugawa a ƙofar shiga ta tsallaka ta faɗa cikin wasiƙa? Ta ce, "Tun da aka taɓa na'urar nan jiya ba ta cikin hankalinta. Ko sauti ta daina yi." Oga ya ce a kira Injiniya, ya fita yana tari irin na mai danne dariya.

Injiniya ya zo yana haki. Tambayarsa ta duniya ɗaya ce, ita ya yi: "Kin kashe kin kunna?" Ya kashe, ya kunna, ya sa ta canza kalmar sirri, ta buga sabuwar. Kiɗa ya hau sama tangaran.

"Ga shi nan, Anti. Lafiyarta lau."

"Kiɗan fita fa?"

Ya kama linzami ya danna wani wuri, kiɗa ya sauko. Ta sake shiga, ya hau. Ta ji daɗi kamar ta ba shi tukuici, amma ta ce masa dai ya daina taɓa kayan mutane suna salla. Ƙarfe uku ya wuce ɗaya ginin. Ƙarfe huɗu ta rufe duk takardun da ta buɗe ɗaya bayan ɗaya, ta lulluɓe, ta danna. Shiru.

Nan kanta ya ɗaure. Ta zauna a kujera da jaka a cinya kusan rabin awa, tana jiran sautin ko zai zo a makare. Har ta fara zargin kunnenta, ta tafa hannu a gefen dama, ta tafa a hagu, tana ji sarai. Wannan tsoron ya fi komai girgiza ta, don in kunne ya bi ido, me ya rage mata?

Laraba Injiniya ya wuni a ɗakinta. Ya duba ƙarfin murya, a sama yake. Ya durƙusa ƙarƙashin tebur da tumbinsa ya zare wayar sifika ya mayar. Ya ɗauko sifikar ofishin kusa ya gwada. Ya kunna labarai, murya ta cika ɗakin. Ya buɗe jerin sautukan na'ura, yana karantawa a fili kamar mai kiran suna a aji: na kuskure yana nan, na saƙo yana nan, na shiga yana nan, na fita yana nan, akwatin da ake sa wa alama don a yi kiɗan farawa da alamarsa. Ya nemo fayil ɗin sautin kansa ya danna, ya yi kiɗa. Ya cire manhajar da take tuƙa sifika ya sake sa ta. Sau shida ya fita ya shiga, sau shida na'urar ta gaishe shi ta yi masa ban kwana.

"Anti, ni dai ban ga laifin baiwar Allah nan ba. Kuma fisabilillahi, in ma ba ta yi kiɗa ba sai me? Rabin ofishin nan roƙo na suke in kashe musu shi."

"Su suka sani. Ni da shi aka ba ni ita, da shi zan mayar."

"Ko dai ke ce ba ta son yi wa?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba, don abin da take tunani ke nan tun jiya. Ba yadda za ta ce masa sautin nan shi ne idonta. Da yamma ta danna, aka sake yi mata shiru, sai tsoro ya sa ta yi abin da aka hana kowa yi: ta laluba bango ta zare wayar wuta gaba ɗaya.

Alhamis da safe ta mayar da wayar, ta kunna, ta buga kalmar sirri, sai ga kiɗa ya hau. Ta ce alhamdu lillahi a fili. Ba ta gane ba, amma ta gode. To, zare waya ne maganin, ko gyaran jiya ne sai yanzu ya kama? Tana cikin wannan lissafi Akawun ofishin ya turo ƙofa ya rufe ta a bayansa a hankali, ya rage murya.

"Anti, Allah ya saka da alheri. Na gane da gangan kika bar mini."

"Na bar maka me?"

"Jiya da sassafe na shigo ɗaukar fayil, na bugi tebur sai na ga haske ƙarƙashin ƙyallen nan. Na ɗaga, na ga a buɗe take. Wallahi jerin canjin aikin kawai na duba. Da ba ki nuna mini ba sai dai in ji an jefa ni can bayan duniya, ga maiɗakina da tsohon ciki. Na riga na je na roƙi Oga."

Shekara talatin da ɗaya mutane suna kawo mata tsarabar gaisuwa da zaƙin baki don ta ɗan ɓantaro musu abin da yake cikin ambulan, ba wanda ya taɓa jin ko harafi. Mijinta ma bai taɓa ji ba. Yau ga ƙato yana yi mata godiya a kan ta fasa sirri. Kuma ai ta fita ranar Talata, da yatsunta ta fita, ta ƙirga kibiya biyu.

Oga bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya tara ta da Injiniya a ofishinsa ya ce, "Anti ta ce ta fita. Injiniya ya ce na'ura lafiya lau. Akawu kuma ya karanta abin da ban sa wa hannu ba. Ni kaina ya kulle. Injiniya, gobe ina son rahoto a rubuce, a gaya mini ina matsalar take."

A ranar, Injiniya bai tafi ɗaya ginin ba. Ƙarfe huɗu ya jawo kujera ya zauna a bayanta, ya ce, "Kullum ni nake fita ki ji. Yau ke za ki fita in gani." Ta ɗauko rigar tafireta, ya ce a bar ƙyallen tukuna. Ta gyara zama, ta fuskanci hasken kamar mai karatu, ta danna maɓalli biyu tare, kibiya ɗaya, kibiya biyu.

"Tsaya nan, Anti. Me aka rubuta a inda kika tsaya?"

"Fita mana. Yau na fara?"

Ta ji kujerarsa ta yi ƙara, ta ji ya ja dogon numfashi. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka ƙasa, babu tsokanar nan ta jiya.

"Barci aka rubuta. Gyaran da na yi ranar Litinin ya ƙara layi ɗaya a jerin, fita ta koma ta uku. Kwana uku barci kike sa ta, ba fita kike yi ba. Wanda bai fita ba ba a yi masa ban kwana, kuma da safe ba shiga kike yi ba balle a gaishe ki, tashin ta kawai kike yi. Shi ya sa ango ya faɗa cikin wasiƙa. Da kika zare waya ta mutu da gaske, shi ya sa ta gaishe ki yau."

Kalmar tana nan a gaban hancinta, baro-baro, a cikin shuɗin layi. Duk mai gani da tun ranar Litinin ya gan ta. Injiniya bai faɗi haka ba, amma su biyun sun ji maganar a ɗakin. Ta ɗora hannuwanta a cinya. Abin mamaki, ba kunya ce ta fara zuwa mata ba, sauƙi ne, don ashe ba na'urar ce ta juya mata baya ba, kuma kunnenta ƙalau yake. Bayan sauƙin ne baƙin ciki ya zo.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Shekara biyu."

"Shekara biyu! Kina buga takardun gidan nan?" Ya girgiza kai. "Tsohona ma an cire masa yana, kafin shayinmu ya huce an fito da shi. Ki ji, Anti. Zan rubuta cewa sabuntawa ce ta canza jeri, kuma zan gyara ta riƙa neman kalmar sirri ko daga barci ta tashi, wannan sakacina ne. Ba ƙarya a ciki. Ke dai ki riƙe: kibiya uku. Wata takwas kamar gobe ne."

Ta danna kibiya ta uku, ta danna babban maɓalli. Kiɗa ya sauko, a hankali, har ƙasa. Ta saurare shi har ya ƙare, hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. Ta ce, "In suka sake ƙara layi fa? Wa zai zauna a bayana?" Ta ce ya je ya rubuta nasa, ita ma tana da abin bugawa. Ta sake shiga. A shekara talatin da ɗaya ta buga maganar mutane ba adadi, ranar ce ta fara buga tata. Layi tara ne: laifin barin na'ura a buɗe nata ne, ga dalili, kuma tana neman hutun jinya don a yi mata aikin ido. Da ta sauka matakala ashirin da biyu ta kira 'yarta ta tambaye ta wace rana ce asibitin nan suke ganin sababbi. 'Yar ta ce, "Umma, tsaya nan inda kike, ga ni nan zuwa."

Juma'a da safe Oga ya shigo da wata doguwar takarda da ya rubuta da hannu. Tun kafin ta buɗe baki ya jawo kujera ya ce, "Na sani, na sani, kaji sun yi dambe. Bari in karanta."

"Rubutunka ba shi da laifi, ranka ya daɗe. Bai taɓa yin laifi ba, a ginin nan ba mai hannunka. Ni ce ba na gani."

Ta miƙa masa wasiƙarta. Ta ji ya karanta, ta ji ya juya ta ko akwai wani abu a baya, ta ji ya koma farko. Ta riga ta hango ɗakin tsofaffin fayiloli da ƙurarsa.

"Anti," ya ce daga ƙarshe, "kin san har littafin koyon rubutu na saya a ɓoye saboda ke?" Ya ninke wasiƙar ya sa a aljihu. "Ko ɗigo ba ki ɓata ba a nan. Amma ba ki rubuta ranar da za ki dawo ba, sai kin ƙara ta zan sa hannu. Yanzu dai wannan hedikwata take jira."

Ya gyara murya ya fara karantawa. Ta ɗora yatsu a kan maɓallai, suka ɗan yi jinkiri a layin farko, a na biyu suka riga bakinsa.